Rufin da Muka Tsaga wa Iya

Wata bakwai na yi a Landan ban taɓa taka titi ni kaɗai ba. A kicin ɗin Anti Zainab nake wannan rubutu, a unguwar Catford, kuma har yau in aka murɗa makulli a ƙofa sai biron ya tsaya a hannuna har in ji muryar mai shigowa. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka ni jaruma ce. Tsohuwa ce kawai ta aike ni, na rasa bakin da zan ce mata a'a.

Zangona na farko wani gida ne mai hawa uku a arewacin birnin, gidan wani Alhaji ɗan kasuwa. Matarsa, Hajiya, ita ta je har Funtuwa ta ce wa mahaifiyata tana neman yarinyar da ta gama sakandare ta kula da surukarta: da safe jinya, da yamma koleji, in koyi aikin nas. Tun a filin jirgi ta karɓi fasfona, wai za ta adana min. Zancen koleji kuwa kullum sai a ce sai Satumba. Da Satumba ta zo aka ce an rufe ɗauka.

Wata rana na tambayi Hajiya ko zan iya fita in ga gari. Ta ja ni bakin taga ta nuna min wani mutum a ƙasa, sanye da riga mai ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido.

"Kin ga masu wannan rigar? Takardarki ta ƙare. Duk wanda ya gan ki a cikinsu, a mota zai jefa ki, kuma ba wanda zai san inda aka kai ki."

Na yarda. Me zai sa in ƙi yarda? Da suka tafi hutu na kwana tara, ta waje suka kulle mu ni da tsohuwar. A kwanakin nan ne ƙarar makulli ta shiga jikina.

Tsohuwar ita ce Iya, mahaifiyar Alhaji, daga wani ƙauye kusa da Ƙafur. Ciwon ciki aka kawo ta a duba. Jikokinta suna jin Hausa amma da Turanci suke ba ta amsa, don haka kafin in zo, ta ce min, sai ta wuni ba ta yi magana da kowa ba sai Allah. Ba ta taɓa kirana Maryama ba. Ƙawa take ce min. Kwano ɗaya muke ci, ta riƙa turo min nama da ɗan yatsa tana cewa haƙoranta sun yi ritaya. In ta ga idona ya kumbura ba ta tambaya. Sai ta ce, "Ƙawa, kawo kanki nan," ta kama yi min kitso da hannu mai rawa, kitson da ba ya kwana biyu.

Zango na biyu shi ne Catford. Likitoci suka ce sun yi iyakar abin da za su iya, kuma jikin Iya ba zai ɗauki jirgi ba. Autarta, Anti Zainab, wadda take aikin nas, ta zo ta ɗauke ta zuwa ƙaramin flat ɗinta. Iya ta riƙe min wuyan hannu ta ce ba inda za ta sai da ƙawarta. Hajiya ta sake ni, amma ba ta saki fasfon ba.

A nan wata mata 'yar Zariya ta zo dubiya. Mai kirki ce, bakinta ne ba ya tsayawa. Tana ɓare wa Iya lemo tana ba mu labarin jana'izar da mijinta ya je. Wai ƙasar nan laka ce, ruwa ba ya barinta, kuma katakon da aka rufa wa mamacin fari ne marar kauri, irin na akwatin tumatir.

"Ya ce da wuya ya kai shekara," in ji ta. "Allah dai ya sa mu cika da imani."

Muka ce amin. Iya ba ta sha lemon ba.

Bayan la'asar, Anti Zainab tana wurin aiki, Iya ta sa na jawo akwatinta. A can ƙasa akwai likkafani a naɗe, wanda ta zo da shi daga Makka tun ban shiga firamare ba.

"Wannan na gama da shi tuni," in ji ta. "Rufi ne ya rage."

Ta ba ni labarin mijinta, Malam. Ranar da ya rasu an yi gaggawa, aka sara ɗanyen itace marar ƙarfi aka rufa masa. Damina ta biyu kabarin ya rufta. Ita ba ta gani ba, yara ne suka dawo suka faɗa, amma shekara ashirin da wani abu ke nan tana ganin ƙasa a fuskarsa.

"Ba mutuwa nake tsoro ba, ƙawa. Na ƙoshi da duniya. Ƙasa ce ba na so ta faɗo min a fuska. Ki nemo min itace mai taurin ƙirya, wanda ƙasa ba ta ci."

"Iya, a faɗa wa Anti mana."

"Zainabu? In na ce mutuwa sai ta toshe kunne ta ce Iya please. Alhaji kuma zai ce za a yi handling, wai a bar masa komai. Na ga handling ɗinsu. Daga ke sai ni, kin ji? Ba a yi wa mai rai zancen kabarinsa a bakin baƙi."

Ta kwatanta min yadda ake yi a gida, don ni mace ce, ban taɓa gani ba. A haƙa babban rami, a tsakiyarsa a haƙa ƙarami, siriri, daidai kwanciyar mutum a gefen dama. A gitta itatuwa a bakin ƙaramin, a toshe kafofi da ganye da laka, sannan a tura ƙasa. Ta zare zare daga bakin tsohon zani, ta auna daga gwiwar hannunta zuwa kan ɗan yatsa, ta ƙara rabi, ta ƙulla.

"Kamu ɗaya da rabi. Guda goma sha biyu."

Ta kuma ba ni wani ƙulli a hankici, ta ce kuɗin itacen ne. Ban kwance ba.

Na ce to. Na mayar da akwatin inda yake.

Zango na uku Lewisham, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Akwai matar da council, wato ƙaramar hukuma, ke turowa kullum da safe ta zauna da Iya awa uku, a cikin awa ukun nan na fita. Anti Zainab ta daɗe da ba ni katin bas, yana cikin jakata ko sau ɗaya ban taɓa shi ba. Tun daga bakin gida na fara ganin masu rigar ruwan ɗorawa. Ɗaya yana shara. Biyu suna haƙa titi. Wani a kan keke. Na ce a raina ashe garin duk su ne. Na ja mayafina na rufe rabin fuska, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci.

A cikin bas ban san ana danna ƙararrawa ba. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofa, direba ya wuce. Wata tsohuwar Baturiya ta kalle ni, ta miƙa hannu ta danna min, ta ɗan taɓa min kafaɗa.

Na shiga wani babban shagon kayan gini. Aka nuna min katako, fari, sumul. Na danna farcena a jiki ya shige. Na fito.

A kasuwar kan titi na tsaya ban san inda zan nufa ba, sai na ji Hausa. Wata irin Hausa ce mai lanƙwasa, daga bakin wata mai sayar da doya da busasshen kifi, tana yi wa wani faɗa a waya. Na tsaya a gabanta kamar an dasa ni. Da ta ajiye wayar na yi mata sallama, sai hawaye. 'Yar zangon Kumasi ce. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta zaunar da ni a kan kwali ta ba ni ruwa. Na ce itace nake nema mai tauri. Ta yagi takarda ta rubuta lambar bas, ta ce in je Deptford, bayan gadar jirgin ƙasa wajen bakin ruwa, in tambayi Baba Sule.

Washegari na je. Wani fili ne an kewaye shi da kwano, cike da gungume, manya da ƙanana, an jibge su har sun fi ni tsawo. Ina tura ƙofar sai ga mutum ya nufo ni da rigar ruwan ɗorawa. Na juya zan gudu, amma ya riga ya iso. Na tsuguna a wurin na rufe kaina da hannu.

"Salamu alaikum," in ji shi. "Kai ne ɗan Najeriya da mai doya ya ce zai zo?"

Na ɗago. Tsoho ne gajere, da farin gemu da garin katako a girarsa. Shi ma mutumin Kumasi ne, kuma a Hausarsu mace da namiji duk "kai" ne. Ya kalle ni, ya kalli rigarsa. Ya cire ta ya rataye a ƙusa, kuma duk zuwan da na yi wurin bayan nan ban sake ganinta a jikinsa ba, ko da yake na ji maigidansa Bature yana yi masa ƙorafi a kai.

Aikinsu shi ne, in an sare bishiya a titi ko a lambu, maimakon a ƙone, su ɗauko su tsaga. Na ba shi zaren. Na ce guda goma sha biyu, itacen da ƙasa ba ta ci.

"Mi za ku yi da shi, ɗiyana? Shingen lambu?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka eh ce.

Ya kai ni ƙarshen filin ya nuna min wani gungume mai ɓawo kaca-kaca, da tsagogi masu zurfi kamar kunyoyin gona. Ya ce Turawan nan robiniya suke ce masa, wasu kuma black locust. Yana da ƙaya in yana ƙarami, yana fure fari da bazara. Ya ce in ka kafa shi a ƙasa, kai za ka riga shi tafiya. Ya karce ɓawon da gatari, cikin ya fito rawaya mai ɗan kore. Na danna farcena. Farcen ne ya lanƙwashe.

"Shi ɗaya gare ni," in ji shi. "Ba kullum yake zuwa ba. Ka dawo Alhamis mu tsaga."

Na miƙa masa ƙullin Iya. Ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis na roƙi matar council ta ƙara min lokaci, ta yarda. Baba Sule ya ɗaura min abin rufe hanci, ya ce ƙurar itacen nan tana tayar da zuciya. Ya sa min wani abu a kunne kamar na masu sauraron waƙa. Kafin komai ya ɗauko wata na'ura ya bi jikin gungumen da ita a hankali. Ta yi ƙara. Ya tono wata tsohuwar ƙusa da itacen ya haɗiye.

"Bishiyar birni," in ji shi. "Kowa ya zo ya rataya damuwarsa a jikinsa. In zarto ya gamu da wannan, sai haƙori ya zube kamar nawa."

Gungumen yana da doro wajen sama, don haka ya yanke wannan ɓangaren ya mirgina shi gefe, ya ce na wuta ne. Miƙaƙƙen ya ɗora a kan injin. Injin a kan dogo yake tafiya kamar jirgin ƙasa, zarton kuma bel ne na ƙarfe yana zagayawa a kwance. Ya kunna. Duk da abin kunnen sai da ƙirjina ya amsa. Ya riƙa tura shi sannu sannu, ba ya matsa masa, in injin ya canza murya sai ya dakata ya bar shi ya huta. Garin yana feshi rawaya, warinsa kamar ɗanyen wake. Ya ɗage ɓawon sama, ya juya gungumen, ya sake. Sai da ya zama mai kusurwa huɗu sannan katakai suka fara fitowa, dogaye, masu kaurin yatsa biyu. Wasu suna fita suna ɗan banƙarewa, kamar mutum ya tashi daga barci yana miƙa. Aikina in kama ɗaya bakin mu sauke. Nauyinsu ya ba ni mamaki.

Sau biyu ya canza zarto. Sannan ya ɗauki zaren Iya, ya shimfiɗa a kan katako, ya ja layi da fensir, ya yanke. Ya sake. Har goma sha biyu.

Ya tafi zai dafa mana shayi. Ni kuma na ce bari in ga yadda za su kasance. Na jera su a ƙasa ɗaya gefen ɗaya, yadda Iya ta kwatanta. Da na ajiye na ƙarshe na ja baya na duba, sai na ga tsawon mutum ne kwance a gabana. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Ya dawo da kofi biyu. Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon jerin. Ya ajiye kofunan a kan kututture.

"Wa ya rasu?"

"Ba ta rasu ba."

Na yi wa Iya alkawari, amma a wurin na kwashe komai na faɗa masa: Malam, damina ta biyu, likkafani, zare. Ya zauna a kan gungume ya cire hularsa ya shafa kai.

"Ɗiyana, mi ya sa ba ka faɗi ba? Shekara talatin ina nan. In wani namu ya rasu, ni nake shiga rami. Nan ba irin gida ba ne. Mota ke haƙa, kuma mota bai san ƙaramin rami ba. Faɗi ɗaya ne tun daga sama, sai ɗan gefe da ake bari dama da hagu a ɗora katako. Kamu biyu da rabi ake so." Ya nuna jerin da haɓa. "Waɗannan in ka ɗora, ciki za su faɗa."

"A samo wani gungumen."

"Watakila wata ɗaya. Watakila sai bazara."

Iya ta kwana biyar ba ta ci komai ba sai kunu. Ba ta da wata ɗaya. Na zauna a cikin garin katakon. Itace ɗaya ne a garin nan da zai yi mata, na sa an daddatsa shi da hannuna, saboda na ji tsoron buɗe baki.

Baba Sule ya bar ni na yi kukana. Ya turo min kofin shayi da ƙafa. Ina zaune ina kallon gajerun katakan, sai ɗakin kakata a Funtuwa ya faɗo min a rai, soro ne, inda nake kwanciya rigingine ina kallon sama in ana zafi. Ɗakin ya fi kowace azara da ke rufinsa faɗi. Dogayen kaɗan ne. Gajeru ake jerawa daga wannan doguwar zuwa waccan, kuma ƙasa mai nauyi ce a kai, tun kafin a haifi babana.

"Baba," na ce, "ka san rufin soro?"

"Mu kwano muke rufi."

Na tattaro guntaye na nuna masa a ƙasa. Dogaye huɗu a gicciye, daga gefe zuwa gefe. Tsakaninsu ɗaki uku. Kowane ɗaki gajeru huɗu a kwance ta tsawo, kansu a kan wannan, ƙafarsu a kan waccan. Uku sau huɗu.

Ya tsuguna ya kalla. Ya ƙirga da yatsa. Ya tashi ya je wajen ɓangaren nan mai doro da ya ce na wuta ne, ya ɗora awo a kai.

"Tsawo ya kai," in ji shi. "Saura mu ga cikinsa. Irin wannan wani lokaci zuciya ya ruɓe."

Muka mirgino shi tare, ni da tsohon, da sandar ƙarfe. Ya kunna inji. Wannan karon ban ja baya ba, ina tsaye daf da shi ina bin zarton da ido. Tsagar farko ta fito rawaya. Ta biyu ma. A ta uku wani baƙin layi ya bayyana a tsakiya. Ya kashe inji, ya soka wuƙa a layin, ta shiga kaɗan ta tsaya. Ya ce a sama ne kawai. Ya kauce masa. Muka fitar da azara huɗu, masu kaurin damtse. Ta huɗun da ɓawo a gefe ɗaya, amma lafiyarta ƙalau.

Ya jawo gungume biyu ya ajiye su nesa da juna daidai faɗin ramin garin nan, wanda ya sani da ka. Muka gitta azarun, muka jera gajerun. Suka zauna cif. Ya hau kai ya yi tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ɗan yi tsalle irin na tsofaffi. Ko ƙara ba su yi ba.

"Nauyi ya ɗauka," in ji shi.

"Ba nauyi take tsoro ba. Ƙasa a fuska."

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na gyara mayafina na rarrafa na shiga ƙarƙashi, na kwanta a gefen dama.

"Baba, zuba."

Sai na ji shebur yana karta ƙasa. Garin katako ya sauka a kaina, dif, dif, a kan rufin. Haske ya riƙa raguwa. Ni da ko ƙofar banɗaki ba na iya rufewa tun kwana taran nan, ina kwance, ina jiran tsoron ya zo. Ya zo, amma bai kai inda ya saba kaiwa ba. Sai na ji wani abu yana zubo min a kunne, siriri kamar gishiri.

"Akwai kafa. Wajen kai, na biyu daga hagu."

Ya share, ya ɗage katakon, ya goge gefensa da abin fere katako har ya miƙe, ya mayar. Ya sake zubawa. Na jira. Na ƙirga har hamsin. Babu komai.

Da na fito ya kakkaɓe min baya da hularsa. Ya ciro ƙullin Iya daga aljihu ya sa min a hannu ya naɗe yatsuna a kai.

"Ka mayar masa. Ka ce Sule na gaisuwa. Amma dole 'ya'yansa su sani, don sai an nemi izini a maƙabarta. Ba za a ƙi ba, itace ne zalla, ba fenti ba magani. Sai dai a faɗa da wuri."

A bas ina ta juya yadda zan gaya wa Iya na tona ta. Na same ta a jingine da filo, idonta a ƙofa. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saurara. Ta sa hannu ta ciro garin katako daga cikin kitsona ta murza a yatsa, ta kai hanci.

"Ke kika kwanta a ciki?"

"Ni ce."

"Ja'ira. Kin riga ni shiga ɗakina." Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "To yaya yake?"

"Akwai sarari, Iya. In kika ɗaga hannu ba za ki taɓa sama ba sai kin miƙe shi. Yana warin ɗanyen wake."

"Ƙasa fa?"

"Ko ƙwaya."

Ta lumshe ido. Na ɗauka barci ta yi. Can ta ce, "Ashe rufin soro za a yi min a ƙasar Turawa. Ko Malam bai samu wannan ba." Ta ce in dama mata kunu, kuma ranar ta shanye kofin.

Ita da kanta ta faɗa wa Anti Zainab. Anti ta yi kuka, ba ta toshe kunne ba. Daga baya ta same ni a kicin ta ce yaya aka yi na kai Deptford, ni da ko shara ba na fitarwa. Na gaya mata zancen masu riga. Ta ce, "Maryama, masu shara ne. Masu gyaran titi ne." Satin nan ta je gidan yayanta, ban san me aka yi a can ba, ta dawo ta ajiye min fasfona a kan filo. Ta yi min booking, wato ta karɓo min rana, wajen wasu masu ba da shawara kan takardu, har yanzu muna kai. Na san gaskiya yanzu, amma jikina bai gama sani ba. In na hango rigar sai na tsallaka titi.

Iya ta ƙara kwana goma sha ɗaya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, kanta a cinyar Anti, ƙafafunta a tawa. Washegari aka kai ta. Mu mata muka zauna a gida. Flat ɗin ya cika, ana ta shigowa da kuloli, ana gaisuwa, ni kuwa hankalina yana wuri ɗaya. An yi ruwa tun safe. Ina ta tunanin ko an manta da katakan a mota, ko Alhaji ya ce ba ya so, ko ramin ya fi yadda muka auna.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Wata ta leƙa ta ce wani tsoho ne, ya ƙi shigowa, wai Maryama yake nema.

Yana tsaye a bakin ƙofa, laka har gwiwa, rigarsa a jiƙe.

"Ɗiyana, sannu da haƙuri."

"Baba, ya shiga?"

"Ya shiga. Alhaji da kansa ya miƙo min azara, ɗaya bayan ɗaya. Ni na jera. Kafin in sa na ƙarshe na duba ciki, likkafani fari ƙal." Ya share ruwa daga gemunsa. "Da aka fara tura ƙasa ban matsa ba. Na tsaya na sa kunne. Duk a kan katako ya tsaya."

Na gyaɗa kai. Ya ce zai tafi, kar ya ɓata mana kafet. Sai na tsuguna na fara kwance masa igiyar takalmi.